Direban da Ke Hawa da Kansa

Shekara goma sha biyu ina buga takardun wata makaranta a Tsafe da tafireta, ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya. Kwatsam, ana gab da shiga shekarar dubu biyu, aka kawo kwamfuta da firinta daga Gusau. Shugaban makaranta ya ce in dai ban iya su ba kafin jarrabawar zango, zai kawo wani. Haka ya faɗa, a gaban mutane.

Malamin lissafinmu ne ya haɗa ta. Siriri ne, ba ya son hayaniya, kullum da alli a gefen rigarsa. Shi ya sa mata wani tsari na kyauta da ya samo a faifai. Rubutu kam na iya cikin sati biyu, harafi ai harafi ne. Firintar ce ta zame mini bala'i. Kowace safiya sai Malam ya zo ya rubuta layi uku a baƙin allon kwamfutar kafin ta motsa.

Wata rana na tura takarda, shiru. Ya leƙo ya ce, "Direba ne bai hau ba." Ni kuwa na fita da sauri na kira direban motar makaranta daga wurin mai shayi. Wayyo! Bawan Allah ya shigo da kofi a hannu yana cewa, "Ina za mu?" Har yau akwai masu ce mini Mai Kiran Direba.

Malam kaɗai bai yi dariya ba, ko dai ya haɗiye ta. Ya zaunar da ni ya ce direba ɗan guntun umarni ne da ke koya wa zuciyar kwamfuta magana da na'ura. Na firinta uku ne, kowanne na jingine da na gabansa, dole a ɗora su bi da bi. Ya rubuta mini su a takarda. Na yi ta gwadawa, yau in juya tsarin, gobe in tsallake harafi. Wallahi na tsani layukan nan.

Ana haka Malam ya samu aiki a Bungudu. Ranar Alhamis ya yi sallama, Litinin za a buga jarrabawa. Ita kuma takardar, na bar ta a aljihu, uwargida ta wanke rigar.

Litinin da safe shugaba ya tsaya a bayana, hannu a baya. Na kunna kwamfuta. Layi ɗaya ban tuna ba. Na ce a raina, to, aiki ya ƙare, bari dai in tura a ga ƙarshen abin. Na tura. Sai firinta ta yi ƙara, ta ja takarda, ta fara bugu! Shugaba ya ce, "Ashe ka iya." Na kwashe takardun na miƙa masa.

Ranar Asabar na hau mota har Bungudu, na same shi yana gyaran keke.

"Malam, mi ka yi mata?"

Ya ce ba wani abu ba ne. Akwai fayil a cikinta da ake rubuta wane direba ne na wace na'ura. Da zarar an nemi firinta, zuciyar za ta duba, ta kira shi da kanta, shi kuma ya jawo 'yan'uwansa, kamar ɗan kamasho ya kira mai layi a tasha. Kwana uku ya yi yana karatu kafin ya gano, ya gyara fayil ɗin kafin ya tafi, kuma bai gaya wa kowa ba don kada shugaba ya ji. Ya rubuta mini yadda zan buɗe fayil ɗin, ya ce wannan karon kada a wanke.

Da na koma na buɗe. A saman layukansa na Turanci akwai ɗaya da Hausa, irin wanda kwamfuta ke tsallakewa, mutum kaɗai ake rubuta wa: "Baba, sha shayinka. Direba zai zo da kansa."

Na yi dariya har hawaye suka zubo, kuma ba duka na dariya ba ne. Shekara tara na ƙara a kujerar nan.