Hular da Ban Jefar Ba

Edita, a shekarun da wannan abu ya faru ni saurayin malami ne, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, mai ji da kansa, mai son a gan shi. Ɗan Sifawa ne ni, amma aka tura ni wata firamare a wani ƙauye da ke gefen Horo Birni a ƙasar Shagari. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, domin laifin nawa ne ni kaɗai. Tun ranar da na sauka daga kan babur na ga ajujuwa uku da darbejiya ɗaya a tsakar fili na ƙudura a raina ba zan daɗe a nan ba. Kowane ƙarshen mako ina kan hanyar gida, kowane wata ina rubuta takardar neman a mayar da ni kusa da garinmu. Hedimastanmu, wani dattijo mai barkwanci, yakan ce kamar an zuba mini ƙaiƙayi a riga. Shi ya sa ya ɗora mini aikin malamin wasanni, wai ko na rage zafin ƙafa a fili.

A aji huɗu akwai wani yaro kurma, ɗan makiyaya, wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba. An ce sanƙarau ne ya tafi da jinsa tun yana ƙarami. A can baya yake zama, ya kwafe duk abin da ke kan allo da rubutu mai kyau kamar an buga da inji, ko ya gane ko bai gane ba, babu mai tambayarsa. In an kaɗa ƙararrawa sai ya ga yara sun miƙe shi ma ya miƙe. Ni kaina na yi wata uku ban san da zamansa ba, sai ranar da wani maraƙi ya tsinke igiya ya faɗo filin makaranta ana tsakiyar taron safe. Yara suka watse da ihu, hedimasta ya yi bayan darbejiya da babbar rigarsa. Kafin in ankara yaron nan ya bi maraƙin, ya cim masa tun bai kai bakin gonar gero ba, ya riƙo igiyar ya dawo da shi ko haki ba ya yi. Na tsaya baki buɗe, domin ban taɓa ganin yaro mai gudu irin wannan ba.

Washegari na sa shi cikin masu tseren mita ɗari. Matsala ɗaya ce, ba ya jin usur. Sai ya ga sauran sun tashi sannan ya tashi, kafin nan an ba shi taku biyu ko uku. In kuma ya yi ƙoƙarin riga su, sai ya tashi kafin lokaci a ce ya yi laifi. Wata rana takaici ya ishe ni, na fizge tsohuwar hulata na maka ta da ƙasa daidai lokacin da na busa usur. Ai sai na ga yaro ya fita kamar an harba kibiya. Daga ranar muka sami hanyarmu. Nakan tsaya gabansa kaɗan ta hannun dama, in hula ta bar kaina ya tashi. Na kuma hana shi kallon kowa. Da hannu, da zare ido, har da jan kunne, na koya masa cewa ko duniya duka za ta tashi da gudu, shi kada ya motsa sai ya ga hula. Yaro ne mai biyayya, ya riƙe wannan ƙa'ida gam.

Ba a jima ba abin ya zama kallon gari. In an sauko daga la'asar mutane su taru a gindin darbejiya, masu dawowa daga fadamar albasa su ajiye kayansu, tsofaffin mata na tsokanata wai hular malam ta fi jaki shan wahala. Yaran da da ba su kula shi suka fara koyon maganar hannu a wurinsa don su yi tseren miƙa sanda tare. Suka soma biya masa in za a tafi ƙwallo, ko in an kira gayyar noma a gonar liman. Shi ne ma ya raɗa mini suna. In yana nufina sai ya kai hannu goshi kamar mai ɗage hula, kuma duk makarantar ta ɗauka, har hedimasta.

Ana cikin haka mahaifinsa ya zo, dogon mutum marar yawan magana, da sandarsa a kafaɗa. Ya ce ya zo tafiya da ɗansa, rani ya matso za su yi kudu da shanu. Ya ce shi bai ga abin da boko ka yi wa kurma ba, shekara huɗu yana zaune bayan aji kamar tulu, alhali a daji ya fi masu kunne amfani. Na roƙe shi ya yi haƙuri da mako uku. Na gaya masa za a yi gasar makarantu a Boɗinga, wanda ya ci za a kai shi Sakkwato, kuma a can malaman makarantar kurame za su gan shi, wataƙila su ɗauke shi ya yi karatu da harshen da yake ganewa. Ya tambaye ni yadda yaro zai ji kira cikin taron da ba nasa ba. Na bugi ƙirji na ce ni ne kunnensa. Sai ya ce to, shi ma zai zo ya gani da idonsa, in abin ya yi ya bar mini shi, in bai yi ba kada in sake zuwa masa da magana.

Ranar gasa rabin ƙauye ya cika a-kori-kura biyu. Na sha sabuwar shadda, na kafa sabuwar hula kube, don na ji labarin wani babban jami'in ilimi zai halarta, mutumin da takarduna suke tsayawa a teburinsa. Filin ya cika, ga rumfar manyan baƙi daf da inda ake tashi tsere, bai fi taku ashirin ba. Mai busa usur malamin wata makaranta ne, na yi masa bayani ya ce ba komai, in tsaya inda na saba. Na hango mahaifin yaron a bakin igiya da malafarsa, shi kaɗai, bai zauna ba.

Ana tseren 'yan mata sai na ga hedimasta yana yafuto ni daga rumfa. Wai jami'in nan ne ya tambayi wane ne malamin da ya cika masa ofis da takardu. Murna ta kama ni. Na dubi fili na ce ai da sauran lokaci, na yi wa yaron alama cewa ina zuwa, na tafi. Na tuɓe takalma na durƙusa. Kun san gaisuwar manya a wajenmu ba ta ƙarewa da wuri, ranka shi daɗe, Allah shi ja zamaninka, a gaida wannan a juya a gaida wancan. Sannan ya soma magana a kan takardata, a hankali, yana yi yana shan ruwa. Ina nan durƙushe na ji lasifika ta kira yaran mita ɗari. Na saci kallo. Su takwas ne a layi, nawa yana na uku, ya duƙa, ya ɗago kai yana nemana inda na saba tsayawa. Bai gan ni ba, ya waiga, har idonsa ya same ni a cikin rumfa. Sai na ga ya natsu, ya kafe hulata da ido.

Wallahi, Edita, ina da dama. Ko a durƙushen nan na cire hular zai gani. Hannuna ya kai kanta, na taɓa ta. Amma jami'in yana tsakiyar cewa zai duba maganata, ga wakilin hakimi a gefensa, ga manyan gari. Sai zuciyata ta ce, yanzu ka tuɓe hula ka jefar a gaban ƙafar manya ana yi maka magana, me za a ce da kai? Mahaukaci ko marar tarbiyya? Takardar da ka yi shekara kana bi fa? Sai na gyara wa hular zama na sauke hannuna. Usur ya tashi.

Yara bakwai suka fita. Shi yana nan a duƙe. Ya ji iskar wucewarsu, na tabbata ya gan su ta gefen ido, amma ni na koya masa kada ya motsa, kuma bai motsa ba. Har suka kai ƙarshe yana duƙe yana kallona. Dariya ta ɓarke a fili, mai lasifika ya ce da alama ɗan wasa na uku barci ya kwashe shi, aka ƙara shewa. Shi dai bai ji dariyar ba, amma ya ga bakunan mutane. Mahaifinsa ya tsallake igiya, ya taka har tsakiyar fili, ya dafa kafaɗarsa ya ɗaga shi. Bai dubi rumfa ba ko sau ɗaya. Suka ratsa taro suka fita, yaron yana waiwayena, ni kuwa ina durƙushe ina cewa godiya nake, ranka shi daɗe.

Muka kama hanyar komawa a mota. Da hedimasta ya tambaye ni abin da ya faru, sai na ce hayaniya ta yi yawa ban ji usur ba. Ya dube ni ya ce ashe kurame biyu makarantarsa ta kai gasa, sai dai ɗaya yana da uzuri. Wannan magana har yau tana cina. Kunya ta hana ni zuwa rugarsu sai bayan kwana shida, kullum in ce gobe. Da na je na tarar da turaku babu shanu. Wata tsohuwa da aka bari ta ce sun yi kudu tun shekaranjiya, ta miƙo mini rigar makarantarsa a ninke, ta ce uban ya ce a ba malam mai hula. Bayan wata biyu takardar canjina ta fito, aka mayar da ni kusa da gida kamar yadda na so. Na karɓe ta, ban gaya wa kowa ba sai da aka ji a bakin wasu.

Na zaci in na koma gida zan zauna lafiya, ashe ƙaiƙayin ne ya koma ciki. Shekara da shekaru in na ga garken shanu a hanya sai na rage gudun babur na leƙa fuskar makiyayin. Ranar kasuwa in tafi kara, inda ake cinikin shanu, ba saye ba sayarwa, in yi ta zagaye har matata ta fara tambaya ko dillanci na koma. In na ji usur ko na 'yan ƙwallo ne sai in ji hannuna ya tafi kai.

Bara Allah ya haɗa mu a karar Shagari. Na ga wani dogon saurayi yana ɗaure bijimi, tsayuwarsa sak ta ubansa. Ya juyo muka haɗa ido, sai ya kai hannu goshi kamar mai ɗage hula. Na matsa kusa da shi. 'Yar maganar hannun da na iya ta gudu daga kaina, sai na ciro takarda da biro na rubuta masa cewa na ji usur a ranar nan, tsoron manya da kwaɗayi ne suka hana ni, ya yafe mini don Allah. Ya karɓa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya girgiza kai ya miƙo mini. Yaron da ya fi kowa kyan rubutu a aji huɗu ya manta karatu. Ban san lokacin da na fizge hulata na maka ta da ƙasa ba, a gaban dillalai da mahauta, cikin kashin shanu. Mutane suka tsaya kallo. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya sunkuya ya ɗauka, ya karkaɗe ta a cinyarsa, ya ɗora mini a ka da hannunsa, har ya gyara mata zama. Ya ja bijiminsa ya tafi a hankali. Ko yafewa ce, ko yana gaya mini lokacin jefa hula ya wuce, ban sani ba, kuma rashin sanin nan shi ya sa na ɗauki biro na rubuto muku.

Abin da na koya shi ne, yaro mai lalura ba tausayinmu ya fi buƙata ba, cika alkawarinmu yake buƙata. Sauran yara in malami ya yi sakaci suna da kunne da ido da ƙafar da za su cece su. Shi kuwa wanda ya mayar da kai kunnensa, in ka kauce ba shi da wani. Na kuma gane kuskure ne in koya wa yaro ya dogara da mutum ɗaya. Da na koya wa abokansa biyu ko uku riƙe masa alama, da rashina bai kashe masa karatu ba. Malamai 'yan'uwana, da iyaye, da masu shirya wasanni da tarukan makaranta, ku tanadi tuta ko ƙyalle domin wanda ba ya jin usur, ku kuma tsaya inda kuka ce za ku tsaya. Manya za su iya jira, in ma sun yi fushi za su huce. Da na sani ƙeya ce, ni na ga tawa.

Yanzu akwai wata yarinya kurma a makarantar da nake, ita ma tana gudu. Ranar gasa yara uku ke riƙe mata jan ƙyalle, ni kuma ina gefe, kaina babu hula tun safe, tana hannuna. Abokan aiki suna yi mini dariya wai rana za ta dafa mini sanƙo. Ko wa ya aiko kirana daga rumfa, amsata ɗaya ce, a ce masa malam yana zuwa in an gama tsere.