Ƙanƙarar Ƙarshen Duniya a Zaɓen Gazawa

A shekarar da sojoji suke shirin mayar da mulki ga farar hula, ina koyarwa a lakol a Gazawa. Ana saura makonni kaɗan a yi zaɓen kansiloli, wani baƙo ya zo daga Yamai faɗakarwa kan sauyin yanayi. Ba ya jin Hausa, sai aka ce in yi masa tafinta.

A ajina aka taru. Baƙon ya manna takarda a allo, da wani layi mai gangarowa. Ya ce a ƙarshen duniya, kudu da arewa, ƙanƙara ta rufe ƙasa, kuma tauraron ɗan'adam yana auna nauyinta duk shekara. Wani lokaci takan ɗan farfaɗo, amma galibi raguwa take yi.

Wani dattijo manomi ya ɗaga hannu, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakol. "Mushe, ma'aunin yana sama, kayan suna ƙasa?"

"Haka ya ce, Baba."

"To in sun gama, su juyo da shi nan ranar kasuwa, ya duba mana tiyar masu sayen hatsi."

Kawuna, ɗan kasuwar wake, yana cikin 'yan takara. Da aka watse ya ja ni gaban allo ya ce in nuna masa inda layin ya fi faɗuwa. Na nuna. Ya lissafa da yatsu, ya ga ya faɗa cikin zamanin gwamnatin da aka kifar, wadda abokin hamayyarsa ya yi wa hidima. Washegari a dandali ya shaida wa jama'a cewa mutanen nan ko ƙanƙarar Allah ba ta tsira a hannunsu ba, ga ɗansa malamin lakol shaida.

Abokin hamayyar kuwa yayan matata ne. Ya same ni a gida, muka daɗe muna gaisawa, sannan ya ce, "Na ji akwai inda ƙanƙarar ta ɗan hau." Na ce akwai. Bai tambayi shekarar ba. Kafin la'asar magoya bayansa sun sa hawan a jerin ayyukan jam'iyya, tsakanin rijiyoyi da takin zamani.

Har ranar zaɓe ta lungu nake bi zuwa masallaci, don kowane ɓangare nemana yake in tabbatar.

Kawu ne ya ci. A zaman kansiloli na farko ya kafa kwamitin ƙanƙara, ya sa ni magatakarda. Muka rubuta takarda zuwa Yamai muna neman awon bana, ya buga hatimi har sau biyu. Amsa ba ta zo ba, ruwa ya sauka, kowa ya tafi gona. A wa'adinsa kawu ya gyara rijiya ɗaya, wadda ke ƙofar gidansa.