Ƙanƙarar da Ta Ceci Gashin Bakina

Shekarun baya can, zamanin da nake horar da 'yan ƙwallon Kurfi, ina da gashin baki wanda ko tsuntsu zai iya yin sheƙa a ciki. Dutsin-Ma kuwa kullum sai sun lallasa mu. Rannan a kasuwa zuciya ta ɗebe ni, na rantse gaban jama'a: in suka sake cin mu, a aske shi tas.

Sai na garzaya wurin abokina, malamin lissafi mutumin Jos da ke koyarwa a Dutsin-Ma. Na tarar da shi da wata mujalla, yana ta lissafin wani wasa wai hoki, da Turawa ke yi da sanduna kan ƙanƙara. Yana neman abin da ke sa wata ƙasa ta fi wata: yawan jama'a ne, arziki ne, ko sanyi?

"Me ka gano, Malam?"

"Sanyi ne kan gaba. Dubi Rasha, dubi Kanada. Amma fa dalilin..."

Wa ya tsaya jin dalili? Na riga na hau babur!

Ranar wasa na sayo ƙatuwar ƙanƙara wurin wani mai firji a Dutsin-Ma, na naɗe ta a buhu. Kafin in iso Kurfi rabinta ya narke a wandona. Sauran na farfasa a baho, na ce kowa ya tsoma ƙafa. Mai tsaron ragarmu yana ihu, "Koci, wallahi yatsuna sun mutu!" Na ce, "Daure, haka Rasha suke yi!"

'Yan Dutsin-Ma suka zagaye mu suna dariya har da faɗuwa. Wanzami kuwa yana gefen fili yana wasa aska, yana ɗaga mini gira.

Ana busa usur yaranmu suka zabura da gudu, don ƙafafunsu su yi ɗumi. Kafin waɗancan su gama dariya, ƙwallo tana ragarsu! Haka aka tashi, ɗaya da nema. Ihuna har ƙauyen Barkiya an ji shi.

Da na ba abokina labari, sai ya riƙe kai. "Koci, nufina can yara kan ƙanƙara suke tasowa, shi ya sa suka iya. Kuma wasa ɗaya ba hujja ba ne."

Yanzu na yarda da shi, na kuma koyi bari mutum ya kai ƙarshen zancensa. Amma duk sanda na shafa gashin bakin nan, ko da yake ya yi fari, sai in gode wa Allah da ban tsaya jin dalili ba ranar.