Mutumin da Bai Iya Yabo Ba

Yayana aikinsa neman aibu, kuma biyansa ake yi. A kamfanin ɗinkin riguna yake, can ƙarshen layi, ƙarƙashin wata fitila mai kashe ido. Ya juya riga, ya ja hannu, ya taɓa maɓalli, in ya ga zare ya leƙo sai ya ce a sake. Teloli har suna suka sa masa, A-Sake. A gida ma haka yake. Ni ƙanwarsa, ban taɓa share ɗaki ya rasa kusurwar da zai nuna mini ba.

Sai Allah ya ba shi ɗa mai cizo. Yaro ɗan shekara huɗu, ya ciji ni, ya ciji mai gadi, ya ciji yara a makaranta har shugabar ta ce in ya ƙara, a nemo masa wani wuri. Wani wurin kuwa babu, domin labarin haƙoransa ya riga shi zuwa ko'ina. Duka an yi, tsawa an yi, kamar ana zuga shi.

Aka tura su wurin wata likitar halayyar yara. Yayana ya zaci yaron za a gyara. Ashe shi ne. Ta zaunar da shi da yaron kan kafet da tulin katakon wasa, ta maƙala masa wani abu a kunne, ta koma bayan gilashi tana ba shi umarni. Dokarta: kada ya gyara, kada ya yi tambaya, in yaro ya yi abin kirki ya yaba. Ni ina gefenta don uwar yaron tana wurin aiki.

Yaro ya ɗora katako ya yi gida. Likita ta ce ya ce madalla. Yayana ya ce ginin ya karkace. Mako na gaba ta ce ya tafa. Ya tafa kamar mai kashe sauro, yaro ya ruga bayan kujera. Wallahi na ji kunya.

Da ta ga abin nata ba ya shiga, sai ta tambaye shi me yake cewa a wurin aiki in riga ta yi kyau. Ya ce ba ya cewa komai, a kwali yake sa ta. Ta ce to in an matsa masa fa? Ya yi tunani mai tsawo.

Yaro ya kwashe katakon ya zuba a kwando. Yayana ya leƙa kwandon, ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya yi gyaran murya.

“Ba laifi,” ya ce.

Yaron ya tsaya cak. Kalmar ya sani, kullum ita yake ji, amma bai taɓa jin ta da “ba” a gaba ba.

“Baba, ban yi laifi ba?”

“Ba ka yi ba.”

“Ko kaɗan?”

Ni dai hawaye suka zo mini, ba zan ɓoye ba.

Bayan 'yan makonni na je makaranta ɗauko yaron, malamarsa ta ja ni gefe. Ta ce yau wani yaro ya fizge masa motar wasa. Ya kama hannun yaron, ya buɗe baki, har ta taso da gudu. Sai ya rufe bakin, ya saki hannun, yana ta huci. Ya zo ya ja mata zane ya ce a gaya wa Baba.