Kafintan da Ba Ya Auna Mai Numfashi

Kafintan cocinmu ya rufe shagonsa ranar Asabar, ya miƙa wa mai gidan makulli. Ba a yi taro ba, ba wanda ya yi jawabi. Hannunsa ya kama rawa, zarto ya daina bin layi, shi ke nan. Ni birkila ne, rumfata tana kallon shagonsa tun muna da baƙin gashi. Abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Da safe yakan share garin katako, ya jera kayan aiki a kan benci, ya cire hula ya durƙusa. Addu'arsa gajera ce. Sai ya miƙe ya kama aiki. Bencunan da muke zama a kai ranar Lahadi shi ya yi su, da teburin Fasto, da gicciyen da ke bango. Amma da akwatin gawa aka fi saninsa. Yakan goge cikin akwati har ya fi bayansa santsi. Na sha yi masa tsiya a kan haka.

"Tsoho, wa zai shiga ya duba? Mai shi ba zai kawo ƙara ba."

"Kai da ke ɓoye karkataccen bulo a bayan filasta, ina za ka gane?" in ji shi. "Jikin da Ubangiji zai tayar ne zai kwanta a nan."

Abu ɗaya ke haɗa shi faɗa da jama'a. Mutum zai zo ya ce mahaifinmu yana asibiti, likita ya ce sai haƙuri, a fara akwati tun yanzu. Sai kafintan ya tambaya ko yana numfashi. In aka ce e, ya ce su koma su yi masa addu'a, Allah bai gama magana ba. Wani mai shagon taya ya taɓa zaginsa a gabana saboda wannan, ya kai aikin wani wuri. Kada ku zaci labarin mu'ujiza zan ba ku. Yawancin marasa lafiyan nan sun mutu, wasu ma kafin 'yan'uwansu su koma bakin gado. Sai ya yi aikin cikin gaggawa, gumi na ɗiga a katako, ba gunaguni.

Mutuwa ba ta raga masa ba. Ta fara da uwar 'ya'yansa. Babban ɗansa mota ta kaɗe shi a hanyar aiki. Mai bi masa zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Kowannensu shi ya yi masa akwati da hannunsa, ko ƙusa ya hana ni riƙe masa. Duk Lahadin da ta biyo bayan jana'iza yana zaune a wurinsa a coci. Ana waƙa, leɓensa na motsi, murya ba ta fita. Wasu cikinmu suka shiga raɗa, wai sana'ar ce ke ja masa, wai akwai zunubin da ya ɓoye. Sun san kansu. A kan bencinsa suke zaune suna faɗa.

Tsoho, kai ne wanda aka ƙwace wa komai bai sauya wurin durƙuso ba. Kai ne ka sallami matattunmu cikin mutunci, naka da na waɗanda suka zage ka. Ban iya daɗin baki ba. Na gode, a madadin duk gidan da ka shiga da akwati a ka. Ku kuma samarin yau, da ciwon kai ke hana ku sujada, da kuke sauya coci in addu'a ta yi mako ba amsa, ku je ku ga mutum. Ku yi koyi da shi in za ku iya.

Yanzu saura 'yarsa Auta, ita kaɗai. Ciwon ƙoda ne ya kama ta. Asibiti sun sallame ta, sun ce a kai ta gida. Tana kwance a ƙaramin ɗaki, katifa a ƙasa, bokiti a gefe, ƙafafu sun kumbura har zane ba ya rufe su. Fasto ya zo. Mun yi azumi. Mata sun yi waƙa a bakin ƙofa. Kullum jiya ta fi yau.

Na taɓa tambayarsa ko ya ji wani abu daga wurin Ubangiji.

"Shiru," ya ce.

"To?"

"To me? Ina da wani ne?"

Na san abin da ke cin sa, don ya faɗa mini. Yana so in ranar ta zo, hannunsa ne zai yi wa Auta makwanci, kamar yadda ya yi wa uwarta da yayyenta. Amma hannun nan yanzu sai ya yi kwana da kwanaki kafin ya haɗa akwati ɗaya, gawa kuwa ba ta jira. In bai fara tun yanzu ba, na kasuwa za a sayo, mai kaushi, bakin ƙusa a waje. Katakonsa mai kyau na ƙarshe yana jingine a bangon tsakar gida.

Jiya da rana na je. Auta ta buɗe ido ta gan ni.

"Baba Birkila, ka zo duba ginin da ya tsage?"

"Na ga waɗanda suka fi ki tsagewa, suna nan tsaye," na ce. Ƙarya na yi, ta kuma sani. Ta yi murmushi, barci ya ɗauke ta.

Muka fito tsakar gida. Ban yi kwana-kwana ba.

"Tsoho, lokaci ya ƙure. Ga ta tana barci, ba za ta sani ba. Ni zan auna, ni zan yanka. Kai ka goge cikin a hankali, yadda kake so. Allah ba zai kama ka da wannan ba."

Ya dubi katakon, ya daɗe. Yana zaune, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Na san za ta tafi," ya ce. "Ba yaro ba ne ni."

Na zaro tef ɗin awo daga aljihu. Ya tashi da ƙyar, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

"Mayar da abinka. Ba za a auna ta ba."