Saƙon Malam da Na Haɗiye

Kwanan baya ina tsaye wurin mai faci a Bodinga ana duba mini tayar babur, sai mutumin ya ɗaga guduma ya doki ƙarfen ƙafar wata tsohuwar mota. Ƙarar ta shige ni har ƙeya. Irin wannan ƙarfen ne ƙararrawar makarantarmu ta firamare, an rataye shi da waya a reshen dogonyaro. Idan aka buga shi da safe, har masu ban ruwa a fadamar Danchadi suna ji. Mai facin ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa lafiya lau. Ƙarya na yi masa, kuma in ka yi haƙuri za ka ga ƙarya ba baƙuwata ba ce.

Mu biyu ne 'yan boko a gidanmu, ni da yayana. Ni ina aji uku, shi yana aji shida. A zamanin, ɗan aji shida ba abin wasa ba ne. Yayana ne ke karanta wa unguwarmu katin asibiti, shi ke rubuta wa tsofaffi wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da suka tafi cirani. Malamin ajinsu, wani dogon mutum daga wajen Mandera, ba ya barin yaro ya wuce shafi sai ya iya shi. Ni kuwa kaina na wasa ne, ko jadawalin biyu sai da bulala ya zauna.

Sai dai yayana ɗan fari ne, ka kuwa san yadda ake da ɗan fari a wurinmu. Babanmu ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya tambayar abin da ya shafe shi a gaban mutane. In zai yi maganarsa sai ya ce "wancan yaro". Innarmu ma haka. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kowa kuma ya san kunya ce. Ban da wannan, iyayenmu ba sa taka harabar makaranta. A ganinsu ta gwamnati ce, su nasu bayar da yaro. Duk maganar da za ta wuce tsakanin malami da uba, a bakin yara take tafiya.

A shekarar da yayana zai rubuta jarrabawar shiga sakandare, malamai suka tafi yajin aiki, don an daɗe ba su ga albashi ba. Ƙararrawa ta yi shiru, awaki suka gaje azuzuwa. Lokacin an gama dashen albasa, sai babanmu ya ja yayana zuwa fadama, wai kafin a koma. Tun asuba yake jan guga yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya, ruwan da sanyi kamar ya yanke yatsa. Ni aikina kawai in kai musu fura da hantsi, sauran yinin nawa ne, daga harbin ƙadangare sai langa. Ban taɓa jin daɗin duniya irin na makonnin nan ba. Har addu'a nake yi kada gwamnati ta biya su.

Wata rana na ɗauko ƙwaryar fura, sai malamin su yayana ya hango ni daga ƙofar gidan da yake haya.

"Kai, taho nan," in ji shi. "Ka gaishe min da babanka. Ka ce mai, ƙararrawa kam ba ni buga ta, mun yi alƙawali da 'yan'uwana malamai. Amma zaurena ba na gwamnati ba na. Shi turo min yayanka kullum da sahe, don da marece ɗinki nika zuwa in samu na tuwo. Jarrabawa ba ta jiran kowa, kuma yaron nan ba shi da na biyu cikin ajin ga."

Na ce to. Kafin in kai fadama na gama lissafina. In yayana ya tafi zaure da safe, wa zai gaji guga? Na dubi hannuwansa lokacin da ya karɓi ƙwaryar, duk sun tsattsage, na dubi nawa. Na zauna muka sha furar tare, na haɗiye saƙon da ita.

Bayan mako guda malamin ya tare ni ya ce, "Ka isar? Mi yac ce?" Na ce bai ce komai ba. Ya ce, "To, shiru ma amsa ta." Bai je da kansa ba. Baƙo ne, kuma ya san a majalisar ƙofar masallaci ana ta cewa malamai ragwaye ne, sun fi son kwanciya.

Yara kaɗan ne suka riƙa zuwa zauren, kuma hanyarsu ta gefen fadamarmu take. Yayana yakan tsaya da guga a hannu ya bi su da kallo har su ɓace. Babanmu ma yana ganinsu, amma bakinsa ba zai iya buɗewa a kan ɗan fari ba. Kakarmu ce kaɗai kunyar ba ta ɗaure ba. Ran nan muna cin tuwo ta dube ni ta ce, "Kai mai yawon tsiya, kullum kana bi ta ƙohwar malam. Bai ce komi ba game da yayanka?"

Dama ta biyu ke nan Allah ya ba ni. Na ce a'a, na ci gaba da lasar miya. Babanmu bai ɗago kai ba. Da gari ya waye ya yanka wa yayana gefe guda na fadamar ya ce nasa ne. Haka ya fahimci shirun malam, wato yaron ba na karatu ba ne, gara a kafa shi tun da wuri.

Sai bayan an cire albasa aka koma makaranta, saura 'yan makonni a yi jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan zaure suka wuce, yayana bai wuce ba. Bai yi kuka ba, bai zargi kowa ba, ya ba ni littattafansa ya koma fadama. Albasarsa ce ta kai ni har kwalejin horar da malamai.

Yau ni ne malamin aji shida a wata makaranta wajen Shagari. Ina da yaran da ba za su iya karanta katin asibiti ba, kuma ba zan ɗora wa gwamnati laifin duka ba. Mu malamai muna da namu, iyaye ma suna da nasu. Mai hali ya kwashe 'ya'yansa zuwa makarantar kuɗi, marar hali kuwa in an kira taron iyaye sai ya aiko a ce yana gona. Har yanzu a bakin yara maganarmu ke tafiya, ni kuwa na san abin da bakin yaro ke iya yi da saƙo.

Da muka shiga yajin aikin baya, yayana ya zo gidana a kan babur, ɗansa na fari a bayansa. Ya kira sunan yaron ƙarara a gabana, ko kunya babu.

"Ga shi nan, ka riƙa yi mai karatu zaure," in ji shi. "Ni da kaina niz zo. Ni ban da kan karatu, shi as sa ba a kira ni ba, amma wanga shina da shi."

Shekara talatin da wani abu yana ɗauke da wannan magana a ransa, ni ban sani ba. Na ce wa yaron ya shiga ciki, sannan na faɗa wa yayana komai, tun daga ƙwaryar fura har tambayar kakarmu. Na jira ya zage ni, da ma ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Ya zauna a kan dakali yana murza tafin hannunsa.

"Ashe malam ya kira ni?"

Na ce ya kira ka.

"Mi yac ce? Sake hwaɗa min yadda yac ce."

Na ce, ya ce ba ka da na biyu cikin ajin. Ya share fuska da hularsa, sannan ya ce da ma Baba na da rai ya ji. Ya tayar da babur ya koma ban ruwa.