Kwano Ɗaya a Jandutsi

Shekarar korona ta same ni ina tsakiyar bincike a kan masu ciwon suga: me suke ci, tafiyar ƙasa nawa suke yi a yini. Daga Aliero nake hawa babur zuwa ƙauyukan Jega da Maiyama, da sikeli a jaka da takunkumi a fuska. An gindaya mana sharaɗi: mu tsaya nesa, ban da musabaha, ban da cin komai a gidan kowa. Wanda ya rubuta sharaɗin nan bai taɓa sallama a gidan manomi da azahar ba.

A Jandutsi akwai wani dattijo mai noman albasa, ciwon ya ci ƙarfinsa amma bakinsa na nan. Ranar da na je auna abincinsa, na ɗora kwanon tuwon dawa a sikeli, na rubuta, na ja baya. Ya dube ni.

"Ɗana, ka auna tuwona ka koma gehe kamar mai gadi? Wanke hannu."

"Baba, dokar aiki ce."

"Dokag gidan ga ta girme ta."

Kunya ta kama ni. Na sauke takunkumi, muka ci a kwano ɗaya, gwiwa da gwiwa.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da ni, na daina jin warin komai, har albasa. Ban damu da kaina ba. Na san irin su Baba korona ta fi kayarwa, in kuwa ya kamu, da hannuna na kai masa ita har cikin kwano.

Na kasa faɗa masa. Sai na riƙa kiransa kullum da hantsi, wai aikin bincike. "Baba, me ka ci jiya? Ka taka zuwa fadama?" Ba na rubuta ko kalma, numfashinsa nake saurare. In ya yi gyaran murya, sai in ƙara manna wayar a kunne. Wata rana wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na zauna a bakin katifa ina ta sake kira har la'asar. Ashe ban ruwa ya tafi.

A kwana na sha huɗu, ban gama sallama ba ya katse ni.

"Ɗana, mako biyu kana tambaya ta tuwo da murya shaƙe. Lahiyata lau, ko tari ban yi ba. Kai nika yi ma addu'a tun rad da nij ji muryakka. To, kai mi kac ci yau?"

Tun jiya ban sa komai a cikina ba.